Ƙugiya da Waƙafi

Ku matso kusa, 'yan uwa. Abin da zan ba ku yau ko aminiyata ban iya faɗa mata ido da ido ba, sai da na juya mata baya ina kallon bango. Mai shan shayi ya ajiye kofinsa tukuna, in ya ƙware ba ruwana.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni: ni ce auta a gidanmu, kuma malama ce a wata cibiyar karatun manya. Ɗalibaina teloli ne da direbobi da masu shago da iyayenmu mata, mutanen da suka haife ni suka haifi yayyena. Rabin darasi a aji muke yi, rabi a waya, ta wani dandalin karatu na intanet. Manhajar dandalin irin wadda ake kira buɗaɗɗiya ce. Ba wani mutum ɗaya da ya kulle ta ya sa makulli a aljihu. Duk abin da aka gina ta da shi yana shimfiɗe a fili, kowa na iya dubawa, ya ɗauka ya yi aiki da ita, in ya ga kuskure ya gyara ya mayar. Ni kuma na shiga sahun masu sa kai, ina juya rubutun cikinta zuwa Hausa, don kada ɗalibaina su riƙa danna maballi suna addu'a.

Ranar da na yi wa Umma bayanin nan tana kan keken ɗinkinta, allura a baki. Umma tela ce, kuma ɗalibata ce a ajin lissafi, abin da har gobe ba ta yafe wa duniya ba.

Na ce, "Umma, kamar ki yanka samfurin riga mai kyau ne a takarda, ki rataye shi a ƙofar shago. Duk telan da ya zo ya kwafa. In ya ga wuyan ya karkace sai ya gyara, ya dawo miki da gyaran, kowa ya huta."

Ta zare allurar ta dube ni. "Shi mai gyaran me yake samu?"

"Sunansa. Duk layin da mutum ya taɓa, sunansa na manne a jiki, kowa na gani."

"Har yaushe?"

"Har abada, Umma. Ko an goge layin, tarihinsa na nan."

Ta mayar da ƙafa kan keke. "To Allah ya sa alheri kike rubutawa."

Ku riƙe addu'ar nan ta Umma, za mu dawo kanta.

A cikin masu fassara kowa da laƙabinsa. Ni Ƙugiya nake, saboda ba na yafe wa wanda ya rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ya bar su tsirara babu ƙugiya. Na taɓa tayar da ƙura don wani ya rubuta "baki sun iso" a darasin gaisuwa. Na ce masa baki dai ɗaya Allah ya ba kowa, kuma ban taɓa ganin ya yi sallama shi kaɗai ba.

Sai kuma shi. Waƙafi.

Shi ne mai duba fassarar Hausa, layi ba ya shiga manhaja sai ya amince. Malamin lissafi ne a wata kwaleji, yana kuma rubuta manhaja da kansa. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a wani taron bita. Dogo, siriri, da gilashin da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare, da riga ruwan toka da ta sha guga har karinta zai iya yanka yatsa. Wayata ta mutu ana tsakar aiki. Sai kawai ya zare caja daga wayarsa, wadda ita ma numfashin ƙarshe take yi, ya miƙo min yana kallon wani wajen. Shi ke nan fa. Caja. Wasu da turare aka sace zuciyarsu, wasu da mota, ni da igiyar caja mai ɗaurin salatif.

Tun daga ranar kusan kullum sai mun yi magana a rubuce ta dandalin, in dai wannan magana ce. Bari in kwafo muku kaɗan ku yi min alƙalanci:

"Fassarar ta yi kyau. Saura waƙafi bayan kalma ta uku."

"Na ga kin yi aiki da yawa yau. Ki huta. Akwai aya biyu a ƙarshen layin."

"Kalmar da kika zaɓa ta fi tawa daɗi. Na cire tawa."

Don Allah wannan "ki huta" ɗin so ne ko tausayi? Wannan "na cire tawa" fa? Na karanta shi har na haddace, na kwanta rigingine na ɗora wayar a ƙirji kamar wadda aka aiko wa waƙa. Amma shekara ta zagayo, bawan Allah bai taɓa tsallake waƙafi ya shigo maganar mutane ba.

A ɗaya gefen kuma ga Mai Kemis.

Kada ku tsane shi, don Allah, ba shi da laifi. Mutumin kirki ne, mai tsabta, kemis ɗinsa na bakin titinmu, fitilarsa ba ta mutuwa. Matsalarsa ɗaya: soyayyarsa kamar takardar likita take. Saƙonsa na safe, "Ki sha ruwa kafin ki karya." Na rana, "Kada ki zauna kusa da fanka da jiƙaƙƙen gashi." Ranar da ya fara zuwa gidanmu, 'yan mata na samun turare da agogo, ni kwalbar maganin ƙarin jini na samu, wai ya lura idona ya yi fari. Umma ta shanye abinta, ta ce yaron na da hankali.

Ranar Lahadi da hantsi Abba ya kira ni falo. Abba tsohon malamin Hausa ne, ya yi ritaya amma jan bironsa bai yi ba. Katin gayyata in ya shigo gidanmu sai ya fita da maki. Ya taɓa mayar wa hukumar ruwa takardarsu da gyara a jiki. Na same shi a kujerarsa ta kusa da taga, gilashi a kan hanci, jarida a cinya duk ta sha jan layi.

"Auta, zauna."

Na zauna a kan darduma, na ja mayafina na rufe ƙafa.

"Yaron nan mai kemis ya same ni. Yana so ya san matsayinsa. Na ce ya dawo ranar Asabar bayan la'asar." Ya cire gilashin. "Ni ba zan zaɓa miki ba, ke za ki zauna da mutum ba ni ba. Amma ba a ajiye ɗan mutane a tsaye kamar alamar tambaya. In akwai wani, ya fito in gan shi. In babu, ki ba ni amsar da zan ba wannan."

Na ce, "To, Abba."

Me zan ce? In ce akwai wani, amma bai san akwai shi ba?

Na koma ɗaki zuciyata na tafasa. Na cire mayafin na wurga kan gado, na jawo kwamfuta. Akwai tarin layukan da nake son gamawa kafin sabon zubin manhajar ya fita, na ce bari in huce a kansu. Cikinsu har da saƙon da ke fitowa a ɗan akwati idan ɗalibi ya ba da amsar da ba daidai ba. Hausa ta fi son shimfiɗa ƙafa, sau da yawa jimlarmu kan fi ƙarfin akwatin, ƙarshenta ya yanke. Don haka muna da dabara: sai ka rubuta doguwar jimla ta gwaji, kowace iri, ka ga inda akwatin zai karya ta, sannan ka goge ka sa ta gaskiya. Wasu sunayen dabbobi suke jerawa. Ni ranar abin da ke cin raina na zuba:

"Ba daidai ba ne. Kullum sai gyara ni kake yi in kana so na ka fito ka faɗa"

Akwatin ya ɗauke ta tsaf, ko harafi bai yanke ba. Na zauna ina kallon ta, har na ɗan ji sanyi a raina. Daidai nan Umma ta ƙwala min kira, wai in zo in riƙe mata bakin yadi za ta yanka. Daga riƙe yadi aka koma neman almakashi, daga almakashi aka koma gardamar ko kore ya dace da ruwan hoda. Da na dawo na manta da komai. Na tattara layukan nan gaba ɗaya na tura.

Da a ce duniya na tafiya yadda ta saba, Waƙafi ne kaɗai zai gani, in mutu da kunya a gabansa shi ɗaya, a binne ni cikin sirri. To ashe ya bar sanarwa cewa yana gyaran takardun jarrabawa, ba zai leƙo ba sai tsakiyar mako. Babbar mai kula da manhajar kuma, wata baiwar Allah da ko "sannu" ba ta ji da Hausa, tana sauri ta fitar da sabon zubi. Na'urar tantancewa ba ta san so ba, abin da take dubawa kawai ko akwai layin da aka bari fanko. Ta ga ko'ina cike, ta kunna kore. Baiwar Allah ta ga kore, ta ga sunan Ƙugiya da ba ta taɓa ba ta matsala ba, ta haɗe layukan cikin manhajar.

Ranar Talata na shirya tsaf. Doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a hannu, mayafi ruwan madara, takalmi mara tudu saboda tsayuwar aji. Har kwalli na sa, ban san kwalliyar zuwa wurin yanka nake yi ba.

Ajin lissafi ya cika. Na ba su aikin raba lamba a waya, na juya ina goge allo. Sai na ji wata 'yar dariya daga layin mata, irin wadda ake dannewa da bakin mayafi. Sai wata. Sai Baba Direba, dattijon da ya yi shekaru yana jan babbar mota kafin gwiwa ta ajiye shi, ya ɗaga hannu.

"Malama, wayar nan tawa lafiya kuwa?"

"Me ta yi, Baba?"

"Na ce goma sha biyu a raba uku biyar ne. Sai ta ce in ina son ta in fito in faɗa." Ya gyara hula. "Ni fa da iyalina."

Ajin ya fashe. Mai shagon kayan miya ta kifa kai a tebur tana bubbuga shi. Wani tela ya ce shi ma ta faɗa masa, wani ya ce shi bai samu ba, aka ce masa ai sai ka faɗi tukuna. Kafin in ankara aji guda ya koma ba da amsar banza da gangan. Bakwai a raba bakwai, ɗari! Kowa so yake waya ta yi masa tayi.

Na karɓi wayar Baba Direba. Na karanta. Jimlata ce, harafi da harafi, da ƙugiyarta cif, a cikin akwati mai jan baki. Ba ajinmu kaɗai ba ne fa. Duk makarantar da ke amfani da manhajar da Hausa, duk ɗalibin da ya kuskure lissafi a safiyar nan, ni ce nake roƙonsa ya fito ya faɗa.

"Kuskuren na'ura ne," na ce, muryata kamar ta sauro.

Baba Direba ya ce, "Allah sarki. Na'urar ma ta gaji da jira."

Ban yarda na kalli layi na biyu ba, inda Umma ke zama. Amma ina jin idonta a gefen wuyana kamar dutsen guga.

Da aka tashi, ni da Umma muka kama hanyar gida. Muka wuce kemis, Mai Kemis ya leƙo ya gaishe ta, ya ce min rana ta yi zafi in riƙa yawo da ruwa. Sai da muka shiga, ta cire mayafi ta ninke, ta zauna a kan kekenta, sannan ta ce, "Ke kika ce min duk layi da sunan mai shi a jiki ko?"

"Umma…"

"Nuna min."

Ni da bakina na koya mata. Na buɗe shafin tarihin gyare-gyare na miƙa. Ga layin, ga ranar Lahadi, ga Ƙugiya, ga ɗan hotona ina murmushi kamar wadda ta ci gasa.

Ta daɗe tana kallo. "Waye mai gyara ki kullum?"

Na durƙusa a gefen keken, cikin ƙyallayen yadi da guntayen zare, na faɗa mata komai. Har cajar. Ina magana hawaye na zuba a kan wani leshi na mutane, ta janye shi da ƙafa.

"To shi ya san kina yi?"

"Yanzu kam duniya ma ta sani."

"Ban tambaye ki duniya ba."

Nan take na rubuta gyara, na mayar da layin yadda ya kamata: "Ba daidai ba ne. Sake gwadawa." Na haɗa da ban haƙuri ga babbar mai kula. Ta amsa da fara'a, ta ce wani ya fassara mata, ta yi dariya har ta zubar da kofi a kan teburinta. Amma ta ce daga yau ba za ta ƙara haɗa layin Hausa ba sai mai duba Hausa ya amince. Wato gyaran abin kunyata ma sai ya bi ta hannun Waƙafi. Dole ya karanta tsohon layin, don shafin gefe da gefe yake nuna su, tsoho da ja, sabo da kore.

Ranar Laraba da azahar wayata ta yi ƙara ina tsakar wanke kofuna. Na goge hannu a jikin riga, na buɗe da ido ɗaya.

"Na amince da gyaran, an haɗe. A tsohon layin kuma, ana bukatar waƙafi bayan 'kake yi', da aya a ƙarshe."

Na sake karantawa. Na ja shafin ƙasa ko akwai saura. Babu.

Jama'a, na tsaya a gaban duk masu koyon lissafi da Hausa na buɗe zuciyata, mutumin nan ya leƙa ciki ya ce saura waƙafi!

Na kife wayar a kan firji. Na shiga ɗaki na ja labule. Ban yi kukan fim ba, na yi na gaske, mai majina. Can na tashi na ɗauko wayar, na buɗe akwatin saƙon Mai Kemis, na ga ya turo, "An ce mura na yawo. Ki guji ruwan sanyi." Na ce a raina, wannan dai ko ba komai ya damu da hancina. Wataƙila haka aure yake, mutum ya damu da hancinka. Na fara rubuta wa Abba amsa a zuciyata, amsar da za ta faranta wa kowa rai ban da mutum ɗaya.

Alhamis ban ci abin kirki ba. Umma ta ajiye min faranti, ta dawo ta same shi yadda ta bar shi. Yayata ta kira daga gidanta, ko gaisuwa babu: "Auta, an ce kin yi wa mijina tayi. Yana koyon lissafin shago a wayarsa, ya zo min jiki na rawa." Na kashe wayar tana tsakar dariya.

Juma'a da hantsi ina kwance ina kallon silin, sai saƙonni suka fara shigowa kamar ruwan sama a kan kwano. Duk daga dandalin masu aikin manhajar. Mai fassarar wani harshe ya turo hoton zuciya. Wata ta turo fuska mai hawayen dariya. Babbar mai kula ta rubuto, "Ina jin wannan rahoton naki ne."

Wane rahoto?

A ƙasan kowane shafi na manhajar akwai maballin da ke cewa "Kawo rahoton matsala". Ni na fassara shi. Ni na tsaya a gaban aji na ce musu, "Wannan manhajar tamu ce duka. Duk wanda ya ga abin da bai yi masa ba, ya danna nan ya faɗa, masu gyara za su gani." Abin da ban jaddada ba shi ne, ba masu gyara kaɗai ke gani ba. Rahoton ma a fili yake zama, kamar shanya.

Na buɗe. Tambayoyin da shafin ke yi ne, da amsoshinsu, an rubuta su da yatsa ɗaya, babu ƙugiya ko ɗaya:

Mece ce matsalar? "Ni ce mahaifiyar Kugiya. An yi tambaya a cikin manhajarku ba a amsa ba. Yarinya ta daina cin abinci."

Me kike tsammanin ya kamata ya faru? "Mai amsa ya amsa. In e ne e in a'a ne a'a. Babanta na jira ranar Asabar."

Wace irin waya kike amfani da ita? "Baka ce mai fasasshen gilashi. Ba laifinta ba ne."

Na diro daga gado ko ɗankwali babu. Na same ta tana ɗinka hannun riga hankali kwance, har da 'yar waƙarta a hanci.

"Umma! Me kika yi?"

"Rahoto na kawo."

"Kowa fa na gani! Har mutanen da ba su san inda muke ba!"

"Ke da kika yi naki ɓoyewa kika yi?" Ta cije zare ta tofar. "Ke kika ce in wuyan riga ya karkace a faɗa wa mai samfurin. Na faɗa."

"Wannan na matsalar manhaja ne, Umma, ba na…"

"Akwatin ya tambaye ni matsala, bai ce wace iri ba."

Na zube a ƙasa na rufe fuska da tafin hannu. Na ce shi ke nan, yanzu zai zo ya ce rahoton ba ya cikin hurumin aikin, ya rufe shi da ladabi, ya ƙara da cewa "baka" na bukatar ƙugiya. Zan bar fassara, zan bar koyarwa, zan auri Mai Kemis in zauna bayan kanta ina ƙirga ƙwayoyi.

Wayar Umma ta yi ƙara. Tawa ma ta yi. Muka dubi juna.

"Karanta min," ta ce. "Idona ya gaji."

Sunan Waƙafi ne a saman amsar. Na fara karantawa:

"Umma ina wuni na ga rahoton matsalar daga wurina take ba daga manhaja ba na karanta layin tun ranar Laraba na rubuta amsa na goge na sake rubutawa na goge ina tsoron kada ya zama da wani take ba ni ba shi ya sa na yi maganar waƙafi don ban san abin da zan ce ba ina son ta tun ranar taron bita in Abba ya ba ni izini zan zo ranar Asabar don Allah ta ci abinci"

Na kai ƙarshe numfashina ya ƙare, don babu inda zan tsaya in shaƙa. Na sake bin layukan da ido, a hankali, daga farko. Babu waƙafi. Babu aya. Ko ɗaya. Mutumin da ya shekara yana bin jimlolina da tsintsiya yana tsince waƙafi, ya rubuta zuciyarsa a guje kamar wanda kare ya biyo. Wallahi da ya turo min baitoci dubu da ba su kai min wannan ba. Na rungume wayar ina dariya ina kuka, na rungume Umma, na rungume har keken ɗinkin.

"Sake ni, za ki karya min allura," ta ce, amma bakinta ya ƙi rufuwa. Ta karɓi wayarta, ta kafa yatsa ɗaya tana dannawa, harshe a gefen baki.

"Me kike rubutawa kuma?"

"Lokaci nake ba shi. Bayan la'asar."

"Umma, bayan la'asar Abba ya ce wa Mai Kemis!"

Yatsanta ya tsaya a iska. Ta dubi wayar, ta dube ni. "Ya riga ya tafi. Ana goge shi?"

"Ko an goge, tarihinsa na nan."

"To," ta ce, "kujeru dai muna da su."

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta, ta nufi falo da wayar, wai gara Abba ya ji daga bakinta kafin ya ji daga bakin Baba Direba. Na bi ta a baya da sanɗa, na laɓe a jikin labule. Ina jin ta tana yi masa bayani ƙasa-ƙasa: malami ne, ɗan mutunci, shi ke duba rubutun Hausa na manhajar gaba ɗaya, ba ya barin kuskure ya wuce. Na ce madalla, Umma ta san ƙofar da ake shiga zuciyar Abba.

"Mai duba rubutu?" Na ji muryar Abba ta ɗan saki. "To, ba laifi. Mu ga abin da ya rubuta."

Sai a lokacin na tuna. Na buɗe baki in ce kada ta ba shi, amma wayar ta riga ta isa hannunsa.

Na ji ƙarar gilashi ana ɗora shi a hanci. Sai na ji wani ɗan sauti da na sani tun ina rarrafe: murfin jan biro ana cire shi.

"Auta!"

Na fito daga bayan labule.

Abba ya ɗago wayar da yatsa biyu, nesa da jikinsa, kamar ya tsinto ta a kwata.

"Wannan da ya rubuta layi shida babu waƙafi ko ɗaya," ya ce, "shi ne kike so in ba ki?"